Ranar da Bakina Ya Ƙi Karɓar Goro

Ku samarin rumfa, ina jin abin da kuke faɗa. Kuna cewa duk Zangon Kumasi babu wanda ya kai Baba Isiyaka morewa: ya zauna a inuwa, ya ci goron mutane, da yamma a sallame shi. Ɗayanku ma ya ce in na gaji in ba shi kujerar, ai tauna ce kawai, akuya ma tana yi. Ban ji haushi ba, don ni ma haka na ɗauka lokacin da aka kawo ni. Bakina ba ya son doguwar magana yanzu, amma hannuna yana riƙe biro. Bari in rubuta muku yadda aikin ɗanɗanon goro yake, da abin da ya ci a jikina.

Kwandon farko da aka ajiye a gabana na minu ne, ƙananan goron nan marasa daraja. Marigayi Alhaji Mamman, mai rumfar da kuke ciki yau, shi ya karɓe ni daga hannun kawuna. Bai ce in ci ba. Cewa ya yi in zube shi a kan buhu in tsince wanda sankara ta taɓa. Sankara takan shiga goro ta cinye cikinsa ta bar fatar lafiya lau, sai ɗan ɗigo kamar bakin allura. Na yini a sunkuye har idona yana ruwa. Da la'asar Maigida ya zo, ya cusa hannu cikin waɗanda na ware a matsayin masu kyau, bai ko duba ba ya zaro ɗaya ya tsaga. Ciki baƙi ƙirin.

"Isiyaka, wannan za ka aika wa mutane Sakkwato?"

"Ban gan shi ba, Maigida."

"To, sake."

Na daɗe ina jin "sake" kafin a bar ni in kai goro baki. Sai da na iya zama da mata masu ɓare bawo, na iya wanki, na iya zuba shi a kwando ya yi gumi ya tsane. Na iya ware marsa, manyan goro, daga saran-waga, matsakaita, fari daga ja. Na iya shimfiɗa ganyen fita a ɗaure huhu yadda iska ba za ta shiga ta busar da shi ba, zafi kuma ba zai dafa shi ba. Bayan duk wannan ne ya ba ni kayan aikina: 'yar wuƙa mai ƙotar ƙaho, kofin ruwa, da gwangwanin tofar da tuka. Ya nuna bakina da yatsa ya ce sauran kayan suna nan ciki, in kula da su.

Goron farko da ya tsaga mini a matsayin darasi fari ne, marsa, mai sheƙi kamar amarya ranar buɗar kai. Ya ce kada in yi gaggawa, in saurari ƙararsa tukuna. Goro mai lafiya yana cewa ƙaras a ƙarƙashin haƙori. Wanda aka cire bai nuna ba yakan lanƙwashe, wanda ya sha ruwa kuwa shiru yake yi. Bayan ƙara sai ɗaci, kuma ɗaci iri-iri ne: akwai mai wucewa ya bar zaƙi in ka kurɓi ruwa, akwai mai zama a maƙogwaro kamar baƙon da ba ya jin sallama. Akwai kuma wanda aka fesa wa maganin ƙwari fiye da kima, shi harshe ne yake ɗan mutuwa a gefe. Ido ba ya ganin ko ɗaya cikin waɗannan. Hoton da kuke aika wa fatake ta waya ma ba ya gani. Abin da falke yake son sani shi ne ko kayan za su jure hanya daga nan har Arewa, kuma baki ne kawai yake iya faɗa masa.

Maigida yana da doka ɗaya da ya gada daga nasa maigidan: dama ta aiki, hagu ta abinci. Wato goro a ɓangaren dama kawai za ka tauna shi, kullum a kan haƙora iri ɗaya, don kada awonka ya riƙa canzawa. In ya ga kuncina na hagu yana motsi sai ya ɗan buge ni da murfin kwando. Na bi dokar har ta zama jiki. Daga ƙuruciyata har furfura, duk goron da ya fita daga rumfar nan ta kan turamen haƙorana na dama ya bi.

Akwai kuma al'adar ɓari, wadda dole ku fahimce ta kafin ku gane abin da ya same ni. In falke ya zo saye, ba ya yarda da mai kaya, da mai ɗanɗano yake yarda. Zan sa hannu cikin kwando in zaro ɗaya, in tsaga shi biyu, in tauna ɓari a gabansa, in miƙa masa ɗayan. Na tauna ke nan, na tsaya wa kayan. In kuwa na shinshina na ga da matsala, ba na cewa komai, don ba a kunyata mai kaya a rumfarsa. Sai in ajiye ɓarin a bakin kwando ban ci ba. Falke zai gani, ya yi 'yar hira, ya ce zai zagayo, ya tafi. Babu wanda ya zagi wani, amma kowa ya ji. Maigida da kansa ya koya mini haka, ko da kayan nasa ne, domin ya ce ranar da na tauna ƙarya rumfar ta mutu.

Tsakanin mota da mota akwai zaman jira mai tsawo, ni kuwa da littafi nake cika shi. Direbobin da ke sauke kaya a tashar Res Kos su suke kawo mini littattafan soyayya daga Kano, bangonsu duk ya sha mai. Na karanta su da yawa, har abokan aiki suna kirana ango. Abin da yake ba ni dariya, a ƙarshen kusan kowanne, bayan an sha kuka an sha wahala, sai a rubuta layi ɗaya: aka ɗaura aure, aka raba goro. Ni kuwa sai in rufe littafin in dubi huhunan da ke jiran lodi, in riƙa raya cewa wannan na wata doguwa ne mai fararen idanu da ta daɗe tana jiran masoyinta, wancan kuma na wadda ta yi dariya a karon farko tun da aka rabu. Nakan ƙara kula da farin goro saboda su. Ban taɓa ganin ko ɗaya a cikinsu ba.

Babban falken rumfar shi ne Alhaji Bawa, mutumin Sakkwato, dogo, marar yawan magana. Shi kaɗai yakan cika mota. Ba ya taɓa kwando da hannunsa. Zai zauna a benci ya harɗe ƙafa ya ce, "Malam Isiyaka, bismilla." In na tauna, ya ɗaga wa 'yan dako yatsa. Tun zamanin Maigida yake zuwa, kuma da Maigida ya rasu ɗansa ya gaji rumfar, wanda muke kira Alhaji Ƙarami, Alhaji Bawa bai canza wuri ba. Ya faɗa a gaban kowa cewa shi bakin Isiyaka yake bi.

Wani daushe ne ya fara nuna mini akwai abin da ke tafe. Daushe goron bara ne da aka adana, ya yi tauri ya yi daɗi, masu biki suna son sa. Na sa shi a dama na danna, sai na ji ƙas a gaban kunnena, ba a cikin goron ba. Ba zafi, ƙara kawai. Na sake buɗe baki, ƙas. Na yi dariya na ce ƙofa ta fara neman mai. Haka na yi ta tafiya da ita shekaru. Daga baya ƙarar ta samu abokin tafiya: nauyi a kunci da yamma, ciwon kai a gefe ɗaya, kunne kamar an zuba masa ruwa. Matata Azumi ta ce ina tauna haƙora cikin barci har tana ji.

"Malam, ko a mafarki ma aikin kake yi? Su biya ka na dare mana."

Sai shekarar ruwa ta zo. Damina ta ƙi ɗaukewa a lokacinta, goro ya zo daga ƙauyuka jiƙe, sankara ta samu gida. Mame Akosuwa, Batoniya, wato 'yar asalin ƙasar nan, da ke kawo mana kaya daga gonakin danginta, takan sauke kwanduna ta zauna a ƙasa ta share gumi. Wofa take kirana, wato kawu a yarensu.

"Wofa Siyaka, ka ci ka gani. Ni ban sani ba kuma. Waje kyau, ciki Allah kaɗai."

A shekara mai kyau goro ɗaya ya ishe ni in san kwando. A wannan shekarar sai na ci daga sama, na ci daga tsakiya, na ci daga ƙasa, domin kwando ɗaya yakan zo da hali uku. Huhun da muka ɗaure sai mun kwance mun sake tsinta mun canza ganye. Fatake sun tsorata, kowa yana so a tauna masa a gabansa, a sake taunawa. Gwangwanin tuka yakan cika kafin azahar. In na koma gida a unguwar Moshi Zango, cokali ma da dabara yake shiga bakina. Na daina cin ganda, na daina ƙanzo, na daina tsayawa wajen mai cincinga, tsiren garin nan. A rumfa kuwa ban bari kowa ya sani ba. Mai ɗanɗano da ciwon baki kamar mai awo ne da karyayyen sikeli, ranar da aka ji, ranar za a daina zuwa wurinsa.

Na nemi magani a ɓoye. Wanzami ya yi mini ƙaho a bayan kunne, jini ya fita, ciwo ya zauna. Mai kemis ya ba ni maganin ɗigawa a kunne, kunne kuwa lafiyarsa lau. Wani mai cire haƙori a bayan tasha ya ƙwanƙwasa turamena da ƙarfe ya ce ga ɓarawon nan, na ƙarshe a dama. Ya sa ni na wage baki iya wagewa, ya danne ni da gwiwa, ya yi ta fama har ya fito da shi. Na karɓi haƙorin na duba. Ja ne saboda goro, amma ko ɗigon rami babu. Daga ranar ciwon ya ninka.

Ana cikin haka Alhaji Bawa ya iso. Alhaji Ƙarami ya tara masa mafi kyawun abin da muka tsamo daga wannan muguwar shekara, kwandunan da ni da kaina na tsince na san lafiyarsu. Rumfa ta cika, 'yan dako suna tsaye, mota tana jira.

"Malam Isiyaka, bismilla."

Na zaro farin marsa, na tsaga, na kai baki. Bakin ya buɗe kamar faɗin yatsa ya tsaya. Na ƙara matsawa, sai wani zafi ya tashi daga gaban kunnena ya haye har tsakar kai, idona ya yi duhu. Hannuna ya nemi kuncina, kuma kafin ya tafi sai ya ajiye abin da yake riƙe da shi a wuri mafi kusa. Wurin kuwa bakin kwando ne.

Da idona ya washe na ga Alhaji Bawa yana kallon ɓarin. Ya dube ni, ya dubi Alhaji Ƙarami, ya sauke ƙafarsa.

"To, madalla. Yaya iyali, Alhaji? Bari in ɗan zagaya kasuwar Adum in dawo."

Ina iya magana ta tsakanin haƙora. Da na ce bakina ne, da ya zauna. Amma rumfa cike take da fatake da dillalai, kuma kalmar da zan faɗa ita ce wadda na yi watanni ina ɓoyewa. Ina cikin auna wanne ya fi sauƙi, Alhaji Bawa ya sa takalmi. A wata rumfa ya cika motarsa.

Alhaji Ƙarami ya jira mutane suka ragu. Yaro ne da na goya a kafaɗa, bai taɓa ɗaga mini murya ba, ranar ma bai ɗaga ba.

"Baba, me na yi maka?"

"Ba ka yi mini komai ba, Alhaji. Bakina ne ya kulle."

"Tun yaushe?"

"Ya daɗe yana gaya mini."

"Ni kuwa ba ka gaya mini ba." Ya dubi kwandunan. "Kafin yamma duk layin nan za a ce Isiyaka ya ƙi cin goron rumfarsu. Wa zai saya?"

Ya kira Alhaji Bawa a waya ya yi masa bayani. Alhaji Bawa ya ce Allah ya sawwaƙe, ya ba ni lafiya, amma muryarsa ta nuna ya ɗauka an matsa mini ne in janye. Kayan nan a hankali aka rabar da su ga masu talla a tire, da asara.

Azumi ce ta kai ni asibiti. A littattafan da na karanta, in namiji ya kwanta, matar takan zauna a gefen gado hawaye yana zuba kamar ruwan bazara. Tawa mayafi ta ɗauka ta ce, "Tashi, Malam. An cire haƙori, an zubar da jini, saura su cire kan." Likitar haƙori yarinya ce Batoniya, da yarensu na Tonanci muka yi magana. Ta sa yatsunta a gaban kunnuwana biyu ta ce in buɗe a hankali. Ta ji abin da ta ji. Ta duba haƙorana, ta ce na dama sun siɗe kamar dutsen niƙa, na hagu kuwa kamar na wani mutum dabam.

"Papa, wane aiki kake yi?"

Na gaya mata, har da dokar dama da hagu. Sai ta ce ciwon ba a haƙori yake ba, ba kuma a kunne ba. A mahaɗar muƙamuƙi yake, inda ƙashin baki yake rataye a gaban kunne. Akwai ɗan matashi a tsakanin ƙasusuwan, nawa na dama ya gaji ya goce, naman wurin kuma ya ɗaure. Ta ce yawanci ba a yin aiki da wuƙa, hutu yake so. Ta rubuta maganin kumburi na ɗan lokaci, ta auna bakina aka yi mini wata roba da zan riƙa sawa in zan kwanta don kada haƙora su ci juna. Ta koya mini zaman baki: leɓe a rufe, haƙora a rabe, harshe a ganɗa. In hamma ta zo in tallafe haɓa. Abinci mai laushi, a tauna ta ɓangare biyu.

"Goro fa?"

"Papa, goro ne ya kawo ka nan."

"Shi ne kuma yake ciyar da ni."

"Ban ce harshenka ya lalace ba. Tauna abu mai tauri ce na hana."

Sauƙin bai zo da gudu ba. Safe da yamma Azumi takan tsoma tsumma a ruwan ɗumi ta gasa mini kunci, ta shafa man kaɗe ta murza da yatsa biyu a hankali, tana mita. Na koma koko, fura, tuwon zafi da miyar ayoyo, kamar mai jego. Makonni suka wuce kafin yatsa biyu su shiga bakina, daga baya uku. Ciwon kai ya fara tsallake kwanaki. Wata safiya na yi hamma a masallaci ban ji zafi ba, sai da na fito na tuna. Ƙarar dai tana nan har yau, in na gaji ko sanyi ya yi nauyin yakan dawo. Na koyi zama da shi kamar maƙwabcin da ba ya tashi.

Rumfa kuwa na koma ina zaune kawai, ina taya mata tsinta. A nan Iya Memuna ta same ni. Ita ce babba a cikin masu ɓare bawo, ba ta da haƙori ko ɗaya, amma ban taɓa ganin bakinta babu goro ba.

"Isiyaka, ka zauna kamar an yi maka mutuwa. Miƙo hannu."

Ta kwance bakin zanenta ta fito da magogi, murfin gwangwani da aka huhhuda da ƙusa. Ta goga ɓarin goro a kai, garin ya zubo a tafina.

"Iya, wannan ai na tsofaffi ne."

"Kai kuma na goye ne? Lasa."

Na lasa. Ɗacin ya zo, ya wuce, na kurɓi ruwa zaƙin ya biyo. Komai yana nan sai ƙarar. Na sa maƙeri ya yi mini nawa, na zauna da shi ina koyon aiki sabo da furfurata. A hankali na gane magogi ma yana magana. Goro mai lafiya yana zubo da gari warwas, da 'yar ƙara mai kaifi a kan ƙarfen. Wanda ya sha ruwa yakan liƙe a ramukan. Wanda bai nuna ba yana fitowa zare-zare. Abin da haƙori yake ji a da, yanzu yatsa da kunne suke ji.

Fatake ba su ga haka ba. Na farkon da na goga wa a gabansa ya yi dariya har hularsa ta faɗi, ya ce a kawo wa kaka zane. Wani ya ce shi ba ya sayen kaya a kan shaidar gwangwani. Waɗansu sun saya don kunya, ba su dawo ba. Al'ada ta ce a tauna, ba ta ce a lasa ba. Da kakar goro ta zagayo Alhaji Ƙarami ya kira ni gefe.

"Baba, Alhaji Bawa yana hanya. Na roƙe shi ya tsaya a nan ko da gaisuwa ce. In ya yarda da magoginka, kujerarka tana nan. In bai yarda ba, zan nemi wani baki, kai ka koma wajen ɗauri. Ba zan kore ka daga rumfar mahaifina ba, amma ba zan iya wata shekarar irin ta bara ba."

Na ce ya yi daidai. Ɗaurin huhu aikin masu ƙarfin baya ne, ni da shi mun san ba zan daɗe a can ba.

Alhaji Bawa ya zo bayan azahar. Ya ɗan rame. Aka gaisa, ya zauna a benci, bai harɗe ƙafa ba, alamar ba zama ya zo yi ba. Ya dube ni.

"Malam Isiyaka, an ce ba ka da lafiya."

"Da sauƙi, Alhaji."

"Ranar nan fa? Tsakaninka da Allah."

"Kayan lafiyarsu lau. Muƙamuƙina ne ya kulle."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Abin da yake hana mutum faɗa a gaban jama'a."

Sannan ya nuna kwandon da ke kusa da shi da haɓa.

"To, bismilla."

Na zaro ɗaya na tsaga. Na sa hannu a aljihu na fito da magogi. Wani daga cikin 'yan dako ya yi tari don ya ɓoye dariya. Na goga, garin ya liƙe a ramuka. Na lasa duk da haka, ɗacin ya tsaya a maƙogwaro. Kwandon Alhaji Ƙarami ne, kuma yana tsaye a kaina. Na ajiye sauran ɓarin a bakin kwando, na ja na biyu. Wannan ya zubo warwas. Na lasa, na kurɓi ruwa, na miƙa wa Alhaji Bawa ɗaya ɓarin da hannu biyu.

Bai karɓa nan da nan ba. Ya daɗe yana kallon ɓarin da na ajiye a kwandon farko. Sannan ya karɓi nasa, ya jujjuya shi, ya kai kusa da baki, ya dawo da shi. Ya miƙo mini.

"Goga mini nawa."

"Alhaji?"

"Goga, Malam. Turamena sun daɗe da sallama da ni. Ɓarin da kake ba ni, a aljihu nake kai wa direba, shi yake ci."

Na goga masa a tafin hannu. Dattijo mai cika mota shi kaɗai ya sunkuya ya lashi garin goro a gaban 'yan dako, babu wanda ya yi tari. Ya karɓi kofina ya kurɓa, ya ɗan lumshe ido yana jiran zaƙin. Da ya iso masa sai ya gyara zama, ya harɗe ƙafa.

"Wancan na farko a mayar da shi ciki. Jawo na gaba, Malam Isiyaka, kwandunan da yawa, mu kuma ba mu da sauri."